Fasassun ƙwai, rabon gida

Ranar da sakamakonmu ya fito na ga ba ni da kariyoba ko ɗaya, ihun da na kurma sai da maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambayar ko gobara ce. Ba gobara ba ce. Ni ce na haye aji uku a bugu ɗaya, har da kwas ɗin da ya kayar da rabin ajinmu. Yatsana bai huta ba ranar. Sitatus, guruf ɗin aji, guruf ɗin dangi, har waɗanda muke gaba da su sai da na tura ma, su ma su gani su sha haushi.

A cikin wannan ɗokin na maƙale ma Baba sai ya tafi da ni gona. Baba yana da gidan kaji masu ƙwai a hanyar Batagarawa, dogayen ɗakuna biyu da sito na ajiye abincinsu. Ba son kaji nake ba, yasin warin wurin hawa mini kai yake. So nake in ɗauki bidiyo ina taku tsakanin kaji kamar wata hamshaƙiyar 'yar kasuwa, in sa kiɗa a ƙasa, in rubuta hutu ya fara.

A gonar Baba ƙwai kashi biyu ne. Lafiyayye yana shiga kiret, ya tafi shaguna da wurin masu shayi. Wanda ya tsage, ko wanda kaza ta caka ma baki, ba ya ganin kasuwa. Ana jera shi a tire daban, a ɗora kan buhunan abinci cikin sito, don nan ya fi sanyi, in ya taru Baba ya ɗauro shi bayan mashin ya kawo mana gida Ƙofar Kwaya. Shi muke kira rabon gida. Da shi na girma. Wainar ƙwai da safe, ƙwai a taliya, ƙwai a kan komai. Ban taɓa ganin Inna ta fasa lafiyayyen ƙwai ba, a wurinta wannan almubazzaranci ne.

To ina riƙe da waya na tura ƙofar siton da ƙafa. Haske na shiga sai na ga buhuna suna motsi. Ɓeraye ne. Wasu suka faɗa bayan buhuna, wasu suka bi katako suka haye rufi. Wani ƙato kuwa, mai tumbi kamar ɗan kwangila, ko gezau. Yana zaune a kan tiren rabon gida, ya tura baki cikin tsagar wani ƙwai yana lasa. Gefen tiren duk kashinsu ne, baƙi-baƙi kamar ƙonanniyar shinkafa.

Na ƙwalla ƙara, na ja da baya, sannan dariya ta ƙwace mini. Kafin mu bar gonar na riga na ɗora shi: ma'aikatan Baba suna karin kumallo. Mutane suka yi ta turo fuskar dariya.

Na nuna ma Baba. Ya kalla da ido ɗaya yana ɗaure tire da roba.

"Wace gona ce babu ɓera? Rabonsu suka ci. Wanda suka taɓa an zubar, sauran a ɗauraye."

"Baba, ka sa masu guba mana."

"Na taɓa sawa. Kaji suka tsattsagi mushen, na kwashe gawar kaji a baro. Hau mu tahi."

Na hau, tiren yana tsakanina da shi, ina ta duba mutum nawa suka kalla.

A lokacin Yaya tana gida. Ita ce 'yar farin Inna, ni ce auta, kuma cikinta na fari ne, ya shiga wata bakwai, an dawo da ita goyon ciki. Wanda bai san gidanmu ba zai ɗauka Inna ba ta son Yaya. Ba ta kiran sunanta, ba ta zama ɗaki ɗaya da ita in da mutane, ba ta kallon cikin ko da wasa. Kunyar 'yar fari ce, irin ta mutanen da. In tana son gaya mata magana, ni take gaya ma, ko da Yaya tana zaune a tabarma ɗaya da ni.

"Auta, hwaɗa ma waccan ta daina zama bakin ƙohwa."

Sai in juya in ce, "Waccan, kin ji dai." Yaya ta jefe ni da filo.

Wata rana Yaya ta dawo daga awo ta ce an ce jininta ya yi ƙasa. Washegari da safe na sami Inna a kicin da babban kofin silba. Ta fasa ɗanyen ƙwai biyu daga rabon gida, ta tsiyaya madarar gwangwani, ta juye lemon malt a kai, tana kaɗawa da cokali har ya yi kumfa. Duk unguwarmu an san wannan haɗin. Shi ake ba mai jego, shi ake ba wanda ya tashi daga jinya, shi aka ba ni lokacin da na rame saboda jarrabawa. Kowa zai ce maka ƙarin jini ne nan take.

"Kai ma waccan. Ki tsaya ta shanye gabanki."

Tun daga ranar aikina ke nan safe da yamma. Yaya ta toshe hanci ta ɗaɗɗaka, ni ina yi mata kirari, ina ɗaukar ta hoto da gashin baki na kumfa. Inna tana tsakar gida tana tsintar shinkafa, kamar ba ta san ana yi ba, amma sai ta ji ƙarar kofi a ƙasa take ci gaba da tsintar.

Ciwon ya fara kamar wasa. Yaya ta ce cikinta yana murɗawa. Muka ce ai mai ciki ce, dole. Sai gudawa. Sai zazzaɓi, irin wanda in ka taɓa goshi sai ka janye hannu. Mijinta ya zo da yamma, shi da muke tsokanar juna kullum, yana ce mini Hajiyar Data ina ce masa Ango Mai Ritaya. Ya shigo da fara'arsa.

"Hajiyar Data, me kuka ba matata? Na kawo ta garau."

"Kai dai ka kawo ta da yunwa, mu muke gyara."

Ya shiga ɗakin ya fito, fara'ar ta ragu. Ya tafi kemis ya yi bayani, aka ce ai taifot ne da maleriya, shi ake fama da shi a gari. Ya ce masu tana da ciki, suka canza wani magani suka bar wani. Aka kawo, ta sha, ta amayar.

Abin da har yanzu ba na mantawa shi ne, duk yadda Yaya ta ƙara laushi, Inna sai ta ƙara ƙwai. Tuwo ba ya zama, shayi ba ya zama, to ai dole a samu abin da zai riƙe ta. Biyu suka koma uku. Inna da kanta ta ce ma Baba kada ya ba kowa rabon gida, ya kawo duka, akwai mai buƙata. Yaya tana kwance, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe ya tsage, tana ce mini, "Auta, don Allah ki zubar ki ce na sha." Ni kuma in ce, "Daure dai, Yaya, jini ne." Haka muka sani, ni da Inna da duk wanda ya shigo dubiya. Har wata maƙwabciya ta ce a ƙara da zuma.

Da hantsi ne, ina zaune gefen katifarta ina latse-latse, ta kamo hannuna ta ɗora a kan cikinta.

"Kin ji wani abu?"

"Kamar me?"

"Tun jiya bai motsa ba."

Yaron nan da ba ya barin ta ta yi barci, wanda muke ce ma ɗan ƙwallo saboda harbi. Na danna tafin hannuna. Zafi kawai na ji, kamar na taɓa tukunya. Sai cikin ya ɗaure tamau a ƙarƙashin hannuna, Yaya ta cije leɓe, can ya saki.

Na fita tsakar gida, na rasa yadda ake faɗa ma Inna irin wannan magana. Na ce, "Inna, ta ce wai ba ya motsi." Inna tana riƙe da tsintsiya. Ta ajiye ta a hankali, ta jingina da bango, kamar tsintsiyar ce za ta fashe.

"Kira mijinta."

Muka tafi asibiti a keke, Yaya ta kwanto a kafaɗata, mijinta yana gaba yana ce ma mai keke ya yi sauri kuma ya bi a hankali, duk a numfashi ɗaya. Inna ta ce mu yi gaba, tana tafe.

A ɗakin masu ciki aka sa mata ƙarin ruwa. Sai da nas ta sha wahala kafin ta samu jijiya. Wata likita, mace, siririya mai tabarau, ta shafa mata wani abu mai sanyi a ciki, ta ɗora 'yar na'ura tana yawo da ita. Shiru. Sai shuuu kamar rediyo ta ɓace tasha. Can sai ga shi, fat-fat-fat-fat, da sauri kamar ana kora shi.

"Yana nan," in ji likita. Na buɗe baki zan yi ihu, ta ɗaga mini hannu. "Amma bugun ya yi sauri, zazzaɓin uwar yana taɓa shi, ruwan jikinta kuma ya ƙare. Ga mara tana ɗaurewa. Ba ma son naƙuda ta taso yanzu, bai isa fitowa ba. So muke zazzaɓin ya sauka, ɗaurewar ta tsaya, ta ji motsinsa. Shi muke jira."

Ta fara tambayoyi. Wane ruwa take sha? Ta ci abincin waje? Akwai wani mai gudawa a gida? Duk muka ce a'a. Mijin Yaya, don ya nuna ana kula da matarsa, ya ce, "Likita, ai ba a wasa da cinta. Safe da yamma ɗanyen ƙwai da madara ake ba ta, daga gonar surukina ma, sabo fil."

Likita ta daina rubutu.

"Ɗanye?"

"Ɗanye. Na ƙarin jini."

"Lafiyayye ko mai tsaga?"

Ya kalle ni. Na ce mai tsaga ne, rabon gida. Ta ce a ina ake ajiye shi. Na fara bayani, baki yana harɗewa, sai na ga ai ga waya a hannuna. Na lalubo bidiyon na miƙa mata. Kiɗan da na sa a ƙasa ya tashi a ɗakin masu ciki, ga rubutuna na iskanci a kai, ga ƙaton nan yana lasar ƙwai. Na so ƙasa ta tsage. Likita ba ta yi dariya ba. Ta kalla, ta mayar baya, ta tsayar daidai gefen tiren, ta buɗa hoton da yatsu biyu.

Ta ce ba za ta rantse ba sai gwaji ya fito, amma akwai ƙwayar cuta da ɓera yake ɗauke da ita a hanjinsa, salmonela sunanta. Yana zubar da ita a kashinsa, a kan abincin kaji, a kan tire, duk inda ya bi. Kaza ta ci ta ɗauka, tana yawonta garau ba ka gane komai. Ƙwai in ya tsage kuwa ƙofa ce a buɗe, ɗauraya ba ta fitar da abin da ya riga ya shiga. Wuta ce kawai take kashe ta.

"Ku da kuke soyawa ya soyu, kun tsira. Ita da ake ba ɗanye, ita ta kwasa. Kada a sake ba ta, ko lafiyayye ne."

Aka ɗebi jini da bayan gida aka kai gwaji, aka fara mata allura ta cikin ruwan. Na fito baranda. Yatsana da ba ya jin magana ya riga ya rubuta sunan cutar a waya, ya haɗa da mai ciki. Kada Allah ya sa ka yi wannan. Duk abin da na buɗe sai ya fi na baya muni. Na rufe, na sake buɗewa. Na tura a guruf ɗin aji a sa mu a addu'a, nan take aka fara: wannan ta ce a ba ta ruwan kwakwa, wancan ya ce kakarsa da ɗanyen ƙwai ta shekara casa'in, wata ta turo fuskar kuka jere guda goma. Na kashe data.

Ina ɗaga kai sai ga Inna tana tahowa ta ƙarshen baranda, da mayafinta na unguwa, da tabarma a hammata, da kwando. Ba ta tambaye ni ya jikin ba. Ta shimfiɗa tabarma nesa da ƙofar ɗakin, ta zauna, ta buɗe kwando, ta fiddo filas ƙarami da kofin silba. Ta tsiyaya. Kumfar ta taso har baki.

"Ungo. Kai ma waccan. Tun sahe babu komi cikinta."

Na tsaya. Ni da bakina ba ya mutuwa, ni da ake ce ma rediyo a gida, sai na ƙura ma kofin ido. Matar nan ba ta taɓa rungumar Yaya a gabana ba. Ba ta taɓa ce mata sannu kai tsaye ba. Duk abin da take da shi na faɗa, a kofin nan take zubawa ta ba ni in kai.

"Ke, ba ki ji ba?"

"Inna, likita ta hana."

"Ta hana mi?"

"Ƙwan. Wai shi ne." Na matso kusa da ita. "Wai ɓerayen sito ne suke bi ta kai, suna barin cuta, in ba a dafa ba tana shiga mutum. Wai tun farko shi ne yake sa mata ciwon."

Inna ta kalle ni, ta kalli kofin. Na zaci za ta yi faɗa, ta ce likitocin zamani ba su san komai ba, ta ce da shi aka yi goyon cikina. Da ta yi hakan da na fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ce, a hankali, "Na ƙara mata jiya. Huɗu na sa."

Ta mayar da abin cikin filas, har wani ya zuba a tabarma. Ta ɗaure kwandon, ta tura shi bayanta. Ta jawo carbi.

Mijin Yaya ne ya kira Baba. Ina jin muryar Baba ta cikin wayar yana cewa shekara nawa ana cin ƙwan nan, wa ya taɓa mutuwa. Sai aka ce masa jikan ne ba ya motsi. Daga baya muka ji bai zo asibiti kai tsaye ba, gona ya wuce, ya sa aka fitar da buhunan sito gaba ɗaya. A ƙarƙashinsu aka tarar da ramuka da sheƙa da jajayen 'ya'ya. Da ya iso da la'asar, rigarsa duk garin dusa, ya tsaya bakin taga yana leƙen Yaya, bai shiga ba.

Jiran nan, ban san yadda zan kwatanta shi ba. Ledar ruwa ta ƙare a sa wata. Nas ta zo ta sa ma'aunin zafi, ta duba, ta tafi, ni kuma in bi fuskarta da kallo kamar mai duba sakamako a allo. Duk lokacin da cikin ya ɗaure Yaya takan matse mini yatsu, ni in riƙe numfashi har ya saki. A gadon kusa da mu wata ta haihu, dangi suka cika wurin da barka, Yaya ta juya fuska bango. Na kwana a kujera. Inna ta kwana a tabarmarta a baranda, nas ta yi ta yi da ita ta shigo, ta ƙi. Abincin da aka kawo mata yana nan a rufe.

Gwajin farko ya nuna ba maleriya ba ce. Na biyun aka ce sai an jira ƙwayar ta tsiro, kuma da ya fito daga baya, abin da likita ta zata ne. Amma a ranar ba sunan cuta ne ya dame mu ba.

Washegari wajen azahar Yaya ta yi gumi, ta jiƙa zanin gado sharkaf. Na taɓa goshinta, ya yi sanyi. Ta ce tana jin ƙishirwa, na ba ta ruwan gishiri da sukari da aka haɗa mana, ta sha, ya zauna. Likita ta zo ta ce ɗaurewar ta ja baya, ta ce ta kwanta ta gefen hagu ta saurara. Muka yi tsit. Na ajiye waya a ƙasan gado, na ɗora hannu biyu a cikin, na kwantar da kunne kuma, ko me nake tsammanin ji oho.

Shiru. Fanka tana juyawa. Wani yana tura keken marasa lafiya a waje yana ƙiiƙii. Yaya ta rufe ido, hawaye yana gangarowa cikin kunnenta.

Sai na ji an ɗan taɓa mini kunci daga ciki. Kaɗan, kamar ƙwanƙwasa ƙofar mai jin kunya. Na ɗago na kalli Yaya, ita ma ta buɗe ido. Ba wanda ya yi magana, kada mu kore shi. Sai dum, a gefen haƙarƙarinta, har zanin ya ɗaga.

"Wayyo, ɗan banza!" in ji Yaya, tana kuka tana dariya.

Na fita a guje ba takalmi, na kusa ture nas da tirenta. Na zube gaban Inna ina haki, na kama gwiwoyinta. "Inna, ya motsa! Yasin ya motsa, harbi biyu, ni ma na ji!"

Inna ta kalle ni kamar ba ta gane Hausa ba. Sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, kafaɗunta suka fara girgiza, ba sauti. Wata dattijuwa da ke jinyar 'yarta a tabarmar kusa ta ga na fito a guje, ta ga Inna ta lulluɓe tana kuka, ta matso da sauri ta dafa ta.

"Inna lillahi. Haƙuri za ki yi, baiwar Allah, dukanmu can za mu..."

"A'a, Hajiya!" na ce. "Ba rasuwa ba ce, motsi ya yi!"

Dattijuwar ta janye hannu, ta dube ni sama da ƙasa.

"To ke, haka ake kawo albishir, kamar an biyo ki da wuƙa? Tashi ki samo ma uwarki ruwa, ba ki ga ba ta iya magana ba?"